Lallen Inna Ashatu da Na'urar Rajista

Ranar Talata da safe, ina fitowa da buta, na ga ɓarɓashin busasshen lalle a bakin rariyar gidanmu. Ban kawo komai a raina ba sai da na leƙa waje na ga irinsa a ƙofar gidan Inna Rabi, da gidan da ke gaba, har ƙarshen lungu. Babu biki a Ƙofar Marke, babu suna, Sallah kuma da saura. Ashe tsofaffin unguwarmu ne suka yi wa gwamnati kwalliya.

Bari in koma baya kaɗan, mai karatu, kada in bar ka a rana. Kakata Inna Ashatu, yanar ido ce ta rufe mata idon dama, na hagun ma ya fara hazo. Likita ya ce aikin ba mai wuya ba ne, a cire yanar ta koma zura zare a allura, amma kada a ja lokaci. Da ya faɗi kuɗin aikin kuwa, kawuna ya ce shi ma idonsa ya fara hazo. Muna cikin haka rediyo ta kawo albishir: za a yi wa tsofaffi rajistar inshorar lafiya, yini ɗaya tak a yankinmu, daga nan na'ura ta yi gaba, sai kuma baɗi in da rai.

Da yake ni ce mai digiri a gida, digirin kuma ba ya aikin komai sai taya ni zama, aka ɗora min nauyin fahimtar abin. Na fahimta daidai gwargwado. Ƙofa uku ce. Akwai ta waɗanda suka yi aikin gwamnati, akwai ta mai iya biya da kansa duk shekara, sai ta kyauta, wadda aka ce ta tsofaffi ce marasa galihu. Na tara 'yan gidanmu a tsakar gida na yi bayani, amma ba na jin an ji ni, don Allah bai ba ni murya ba. Na gama jami'a wasu malamai suna zaton kullum azumin magana nake yi. Shi ya sa nake rubutu, takarda ba ta taɓa ce min in ɗaga murya ba.

Baba Illo mahauci, maƙwabcinmu, shi kaɗai ya tsinci kalma ɗaya daga bakin zaure.

"Inshora ai ta mota ta," in ji shi. "Sai mutum ya yi karo ake biya. Ashatu da wa za ta yi karo?"

"Da kai, in ba ka kauce ba," in ji Inna. "Ba ni gani."

Abin da ya shiga kunnen Inna daga duk sanarwar rediyo jimla ɗaya ce: kowa ya zo da kansa, za a ɗauki hoton fuska da na yatsu. A nan zancen ya tsaya mata. Za a ɗauki hoton yatsunta, a kai babban birni, manyan mutane su kalla.

"In tahi da yatsa hwari kamar mai takaba?" ta tambaye ni. "Ke 'yar boko ba ki da kunya, ni ina da ita."

Ta aika garin Dundaye aka kawo mata lalle mai kyau, ta raba wa ƙawayenta. Suka kwana da hannuwa a ƙunshe. Da safe yatsun nan sun yi ja har sun koma baƙi, kamar an tsoma su a cikin dabino.

Muka shiga keke mai ƙafa uku, ni da Inna da Inna Rabi. Ba mu yi nisa ba direba ya ce mu yi haƙuri zai ɗan sha mai, ya kutsa da mu cikin layi. A nan ya kamata in yi wa shugabanninmu godiya ta musamman. Mutane na ƙorafin layin mai, ni kuwa na gano hikimarsa: horo ne. Wanda ya iya layin mai, layin asibiti ba zai ba shi tsoro ba. Ka ga ke nan inshorar ta fara aiki tun kafin rajista. Inna Rabi ta yi amfani da damar ta miƙa hannu ta taga tana nuna wa matan wata mota lallenta, suka yi ta sa albarka.

Filin taron ya ƙayatar. An kafa rumfa biyu. Ɗaya da darduma da kujerun alfarma da fankoki suna ta juyawa suna yi wa kujerun fifita, don babu kowa a kai. Ɗayar kuma ta tsofaffi ce, rufinta ya ƙare a rabi, sauran an bar wa Allah. An rataya wani ƙyalle mai faɗin bango ɗauke da fuskar Mai Girma Uban Ƙaddamarwa, wanda in an gina ko murhu ne a jihar nan sai ya zo ya yanke masa zare. A ƙarƙashin gemunsa aka yi bayanin ƙofofin nan uku, da Turanci, da ƙananan haruffa, domin amfanin masu ciwon ido. An kuma raba wa kowace tsohuwa hular hana sallah mai hotonsa. Inna ta shafa tata ta ce za ta yi kyau da awon gero.

Mai riƙe da na'urar wani ne Malam Junaidu, mai gajeren haƙuri da dogon wuya. Aka fara da maza. Kowa ya ɗora yatsa, na'ura ta yi ƙara, ta kawo koriyar wuta. Har Baba Illo, wanda wuƙa ta daɗe tana cin zakka a yatsunsa, ya wuce lafiya. Ya fito yana kaɗa katinsa kamar ya ci zaɓe.

Aka zo kan mata. Inna ta ɗora babban yatsa da yanga. Jar wuta. Ta ɗora manuni. Jar wuta. Malam Junaidu ya ce ta goga a goshi, ta goga. Ya ce ta hura, ta hura. Aka gwada goman duka, na'ura ta ƙi ko gaisawa. Inna Rabi ma haka, ta bayanta ma haka. Lallen ya cike zanen yatsun, na'ura ba ta ganin komai sai duhu. Ita da Inna sun zama ɗaya.

"Hajiya, wa ya ce ku sa lalle?"

"Wa ya ce kar mu sa?"

"Sai ku dawo in ya goge."

"Wanga lallen Dundaye na, yaro," in ji Inna da alfahari. "Wata guda bai motsa ba."

"To, na'ura yau za ta tafi."

Na matsa na tambaye shi ko babu wata hanya, tunda akwai mutanen da ba su da yatsun ma sam. Bai ji ba. Na maimaita, ya ɗauka atishawa na yi, ya ce Allah ya sawwaƙe. Da ƙyar ya gane tambayar, ya ce, "Babu. Umarni ne daga sama." Kullum ina mamakin wannan saman. Ruwa yakan yi wata shida bai sauko daga can ba, amma umarni ba ya fashi.

Muka koma benci. Baba Illo ya zo ya tsaya a kanmu ya ce garin neman gira an rasa ido. Ya yi dariya, sai ya ga ba wanda ya taya shi. Inna ba ta rama ba, abin da ban taɓa gani ba. Ta ja mayafi ta rufe hannuwan da tun safe take nunawa. Can ta ce da ni a hankali, "Rahamu, baɗi na hagun ma ya tahi ke nan." Na dafa hannuwanta ta saman mayafin.

Sai jiniya.

Motoci suka shigo a jere, kowace da gilashi baƙi, har na daina ƙirga. Mai Girma ya sauko cikin babbar riga mai ƙamshin da ya iso bencinmu kafin shi. Masu kyamara suka ce ana buƙatar tsohuwa ɗaya da za a yi wa rajista a gabansa don labaran dare. Wani hadiminsa mai jar hula ya bi layi yana zaɓe kamar mai sayen raguna. Iska ta ɗaga mayafin Inna, ya ga lallen, ya ce, "Wannan. Za ta yi kyau a talabijin." Malam Junaidu ya buɗe baki zai yi magana, aka ce ya gyara tsayuwa.

Na riƙe hannun Inna na kai ta gaban tebur. Hadimin ya maƙala mata ƙaramin makirufo a bakin mayafi, don in ta yi godiya duniya ta ji. Mai Girma ya kama yatsanta da kansa, ya yi murmushin da ke jikin ƙyalle, ya ɗora. Jar wuta. Ya sake. Jar wuta. Wani daga rumfar rana ya yi tari mai ma'ana.

"Wannan na'ura daga ƙasar waje muka kawo ta," in ji Mai Girma, "ba ta kuskure. Inna, dubi yadda ake yi."

Ya naɗe hannun riga, ya ɗora nasa yatsan. Na'ura ta yi ƙara mai daɗi, ta kawo koriyar wuta, har da hoto a allo. Hotonsa ne, amma babu babbar riga, wata 'yar shara ce a jikinsa. Aka fara tafi. Waɗanda ke kusa da allon kuma suka daina tafi ɗaya bayan ɗaya.

Inna ta ja ni. "Mi anka rubuta? Karanta man, ke ad da digiri."

Allah ne shaidata, raɗa na yi. Na sunkuya daidai kunnenta, wato daidai bakin mayafinta, na karanta mata abin da na gani: "An riga an yi wa mai wannan yatsa rajista. Rukuninsa, tsoho marar galihu. Kyauta."

Ban taɓa jin muryata da girma haka ba. Ta fito ta lasifika huɗu, ta bugi katangar makarantar da ke tsallake, ta dawo. Masu sayar da ruwan leda a bakin titi sun ji. Ina jin har waɗanda muka baro a layin mai sun ji.

Ni ba na zargin kowa, mai karatu. Wataƙila gwaji aka yi da yatsansa aka manta. Wataƙila tawali'u ne, irin na shugaban da ke son ya ɗanɗana abin da talaka ke sha, musamman in kyauta ne. Galihu kuma abu ne na zuci. Mutum na iya samun motoci cike da fili ya kwana yana jin ba shi da kowa.

Inna dai, da ba ta ga rigar ba balle motocin, ta ɗauki maganar yadda aka karanta mata. Ta lalubo hannunsa ta riƙe da hannayenta biyu masu lalle.

"Allah sarki, bawan Allah. Ashe kai ma namu na. Mi ke damunka, ido ko ƙahwa?" Lasifika na ɗauka. "Kar ka ji kunya, rashi ba abin kunya ba na. Ka gode Allah kai ba ka sa lalle ba. Tunda kai ka samu, ka roƙa muna wanga yaro mai na'ura, mu mata duk ya kore mu."

 Baba Illo ne kawai na ji yana cewa, a hankali, shi ma Allah ya ba shi irin wannan rashin galihu.

Hadimi mai jar hula ya isa kunnen Malam Junaidu da sauri. Ban ji abin da ya ce ba, amma na ga sakamakonsa: sama ta sauko da sabon umarni nan take. Ashe a jikin na'urar akwai wani ɗan maɓalli na waɗanda yatsunsu ba sa kamawa, a ɗauki hoton fuska kawai a wuce. Yana nan tun safe. Yana nan tun daga ƙasar waje. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Aka ɗauki hoton Inna. Ta ɗaga hannuwanta biyu kusa da kumatu don kada lallen ya tafi a banza, kuma ba wanda ya iya hana ta. Kati ya fito da ɗuminsa. Ta juya wajen da take jin hayaniyar mata, makirufo na nan a mayafi.

"Rabi, ku zaka. An buɗe."

Rumfar rana ta tashi gaba ɗaya. Wata ta rangaɗa guɗa, saura suka amsa. Na tambayi Malam Junaidu ko katin ya haɗa da aikin ido, ya amsa tun kafin in rufe baki, har da "ranki ya daɗe". Jiya kuma mun kai katin asibiti, an karɓa, an ba mu ranar aiki. Kyan alkawari cikawa, ba zan yi guɗa ba sai Inna ta zura zare a allura. Ta ce in an cire yanar, fuskar da take so ta fara gani ita ce ta wannan bawan Allah, don ta san wanda take yi wa addu'a.

A filin ma ba ta manta da shi ba. Da muka koma benci muna jiran Inna Rabi, ta matsa gefe, ta share wuri da hular hana sallah, ta ce in kira shi ya zauna, marar lafiya bai kamata ya daɗe a tsaye ba.

Na ɗaga kai in neme shi. Kowa na kallon layin mata, har masu kyamara. Takardar jawabinsa na kan kujera, fanka na buɗe shafukanta. Almakashi na kan faranti, zaren da aka ɗaura masa ya yanke yana nan lafiya lau. Can na hango shi ta bayan rumfa, ya tattare babbar riga da hannu ɗaya, yana taka ƙasa a hankali kamar mai tsoron tada yaro daga barci. Ya buɗe ƙofar mota da kansa. Ashe motocin nan sun iya tafiya babu jiniya.