Sunan da Na Kasa Faɗa a Asibiti

Ba na jin zan taɓa mantawa da Talatar da numfashin 'yata ya sarƙe. Shekararta uku a lokacin, ƙirjinta na ƙara kamar iska ta ratsa kara. Mijina yana Funtua wurin aiki, katin inshorarmu kuma yana aljihunsa. Ni da surukata Hajiya muka ruga da ita ƙaramin asibitin da aka yi mana rajista.

Likita ya duba ta, ya ce sai babban asibiti, inda ake da na'urar taimakon numfashi ta yara. Amma a tsarin inshora sai kamfani ya ba da lambar izini, in ba haka ba can za su karɓe mu kamar marasa rajista. Aka miƙo mini fom na cike, na sa lambar wayar mijina, a gurbin suna na rubuta Ummi.

Mai kula da teburin inshorar wani siririn mutum ne, Malam Sada. Tun kallon farko ban yarda da shi ba. (Ni dama zuciyata ba ta wuya wurin ƙirƙiro labari, ko inuwa na gani sai na yi mata tarihi.) Ya kira kamfanin a waya, ya juya mana baya, yana magana ƙasa-ƙasa. Na ji ya ce, "Ba ta ciki?" Ya dubi fom, ya dube ni, ya saci kallon Hajiya. Na ce a raina, to, an fara. Sun ga gyalen Hajiya mai tsada, za su riƙe yarinya sai mun ba da na goro.

Sai ya matso. "Maman Ummi, ɗan zo gefe mu yi magana."

Gefe! Nan na tashi, ni da ko kaza ban iya korawa da tsawa. Na ce ya faɗi abin da zai faɗa a gaban kowa. Na ce numfashin yara ba hajar kasuwa ba ne, na ce akwai ranar da za a auna kowa. Har da ɗaga yatsa.

Ya bari na gama, sannan ya ce a hankali, "Baiwar Allah, sunan yanka nake nema. Babu Ummi a rajistarsu. Na ga kamar sunan Hajiya aka mayar, shi ya sa na ce mu koma gefe."

Haka ne kuwa. Sunan surukata yarinyar ta ci, kuma tunda aka raɗa shi bai taɓa fita daga bakina ba. Hannuna ma ya ƙi rubuta shi ban sani ba.

Na buɗe baki, kunya ta rufe shi. Ummi ta yi wani tari mai ja.

Hajiya ta daka mini tsawa: "Ke ɗiyar nan, mi kike jira? Rakiya! Rakiya sunana, rubuta, Malam!"

Kafin in gama nutsewa a ƙasa lambar izinin ta iso, motar asibiti ta ɗauke mu. Kwana biyu Ummi ta yi aka sallame ta.

Na koma na ba Malam Sada haƙuri. Ya yi murmushi ya ce wa'azin ya ratsa shi, ko da yake ba shi da laifin.

Yanzu katin yana jakata. Na kuma koyi cewa kwamfuta ba ta san surukuta ba, kuma kafin in zargi mai raɗa, in fara tambayar kaina ko asirina yake rufawa. Hajiya kuwa, duk ranar da ta so tsokanata, sai ta miƙo mini biro ta ce, "Malama mai wa'azi, rubuta sunana mu gani."