Yadda Za Ki Faɗo Daga Kan Kujera Ba Tare Da 'Ya'yanki Sun Ji Labari Ba

Malama, gyara zaman tabarau ki matso. Idan kin yi ritaya daga koyarwa, kin haura saba'in, kuma 'ya'yanki sun fara yi miki irin kallon da ake yi wa kofin tangaran da aka ajiye a bakin tebur, to wannan darasin naki ne. Na yi miki alkawari, in kin bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, za ki faɗo daga duk inda kika ga dama, ki tashi ki kakkaɓe zani, babu ɗa ko jikan da zai ji. An gwada hanyar nan a layinmu, kuma saura ƙiris ta yi aiki.

Wadda ta gwada ita ce tsohuwar shugabar makarantarmu, wadda duk unguwa ke kira Jan Biro. Shekara talatin da biyar tana koyarwa, yanzu tana zaune ita kaɗai a gida mai ɗaki uku. Babbar 'yarta, wadda ke aikin nas, ta riga ta yanke hukunci tun bara da tsohuwar ta zame a banɗaki: ranar da aka sake faɗuwa, ranar za a ɗaure kaya, a koma gidan Nas a hawa na uku, inda aikin mutum kallon talabijin ne da jiran a tambaye shi ko ya sha magani. Jan Biro kuwa ta ce sai dai a fitar da ita da allon da ke manne a bangon tsakar gida. To ki riƙe wannan a ranki, gida ake karewa.

Mataki na 1: Ki samo dalilin hawa

Tsohuwa mai hankali ba ta hawa kujera haka kawai. Sai da hujja.

Hujjar Jan Biro ta zo ranar Talata da hantsi, a siffar mai kemis ɗin bakin titi, wanda ta koyar a aji huɗu, kuma har yau tana kiransa Bencin Baya duk da furfurar da ke gemunsa. Ya kawo mata maganin hawan jini, aka zauna hira, sai ya yi ƙarfin halin cewa ai shi ne ya zo na uku a ajinsu a shekarar. Ta dube shi ta saman tabarau ta ce na goma sha uku. Ya rantse. Ta ce a aji huɗu ma haka yake rantsuwa.

Yana fita ta nufi kabad. Tsofaffin rajistocinta suna can sama, ɗaure da igiya, kusa da silin.

A nan ne mutane ke kuskure, su ce bari a jira wani mai tsawo ya zo. Kada ki yarda. Wanda ya jira mai tsawo ya amince ke nan cewa ya tsufa. Ki jawo kujera, wadda ƙafarta ɗaya ke rawa tun zamanin da ake buga takardar jarrabawa da tafireta. Ki hau da silifas ɗin roba. In kin sha maganin hawan jini yanzun nan kina ɗan jin jiri, ya ma fi kyau, domin jiri yana rage tsoro.

Mataki na 2: Ki faɗo da mutunci

Babu ihu. Shugabar makaranta ba ta ihu, sa wa take a yi.

Jan Biro ta sauko tare da rajistar shekara shida, ta tare ƙasa da hannun dama. Ta daɗe kwance tana kallon silin, tana lura da yanar gizo-gizon da ba a share ba. Wayarta tana cikin durowa a ɗaki na uku, a naɗe cikin hankici don kada ƙura ta shiga. Haka ake so. Wayar da ke kusa da hannu tana jawo kiran mutane, kiran mutane kuma shi ne farkon ɗaure kaya.

Mataki na 3: Ki manta kina da katin asibiti

Na san ofishin 'yan fansho ya ba ku katin nan na duba lafiya, wanda kuka sha layin kwana biyu kafin ya fito. Na san haƙƙinki ne, guminki ne na shekara da shekaru. Ki bar shi a jaka.

Me ya sa? Saboda ranar cike fom, a gurbin da aka ce a sa lambar makusanci, kin sa ta 'yarki, da rubutu mai kyau, har kin ja layi a ƙasa. Jan Biro ta tuna haka tana tsaye a bakin ƙofa da mayafi a ka, wuyan hannun ya riga ya kumbura kamar an hura. Ta kuma tuna cewa mai ɗaukar hoton ƙashi ɗalibinta ne, mai ba da kati ɗalibarta ce, hatta maigadin ƙofar asibitin ta taɓa sa shi tsallen kwaɗo. Wannan ita ce matsalar wanda ya koyar da gari guda: babu inda zai je ya yi ciwo a ɓoye. Ta cire mayafin ta koma ciki.

Mataki na 4: Ki toshe bakin shaida

Duk da haka hannu yana son bandeji. Sai ta leƙa ta taga ta yafito Bencin Baya.

Da ya ga hannun, ya ce wannan ya fi ƙarfin kemis, ya roƙe ta da girman Allah ta je a ɗauki hoto, don ƙashin tsofaffi ba ya wasa, yana iya tsagewa mutum yana zaton targaɗe ne. Ta bar shi ya gama. Sannan ta tambaye shi a hankali, wa ya kawo maganar na uku?



"To in 'yata ta ji," in ji ta, "zan gaya mata a kan wa na hau kujerar."

Ya naɗa bandejin, ya fita da baya da baya, kamar yadda ake fita daga ofishinta a da. Ki lura da darasin nan: shaida ba a saye shi, sa shi ake cikin laifin.

Mataki na 5: Ki tsara ƙaryar a rubuce

Nas tana zuwa duk Asabar. Saura kwana huɗu.

Mu 'yan zamani a tsaye muke yin ƙarya, tana fitowa da zafinta. Amma ke malama ce, ba ki taɓa shiga aji babu shiri ba, kuma ba yanzu za ki fara ba. Jan Biro ta yago takarda daga tsakiyar littafi, ta ja layin gefe da rula, ta kama biro da hannun hagu ta rubuta shirin darasi cikakke.

Aji: 'yata. Lokaci: minti arba'in. Maudu'i: babu abin da ya faru. Kayan koyarwa: babban mayafi, man zafi, murmushi. Gabatarwa: a tambaye ta yara, a yi mata faɗa ta rame. Mataki na ɗaya: in ta ga ana shan shayi da hagu, a ce an ji a rediyo yana wasa ƙwaƙwalwa. Mataki na biyu: in ta ga ɗingishi, a ce sabon takalmi ne. Auna fahimta: in ta tafi ba ta taɓa hannun ba, darasi ya shiga.

Gurbin manufa ne ya fi ɗaukar mata lokaci. Ta zauna a kansa har shayin ya huce, sannan ta cike shi.

Kwana uku ta yi tana bita a gaban madubi. Matan layi da ke kawo mata wasiƙa da fom ta duba musu, duk ta karɓe su da hagu, ta gwada musu maganar rediyo, biyu daga cikinsu har sun fara koya wa 'ya'yansu.

Mataki na 6: Ki ajiye takardar inda kika saba

Ba sai na gaya miki ba, hannunki zai yi da kansa. Shekara talatin da biyar, duk shirin darasin da aka gama, wurinsa ɗaya ne: kusurwar tebur ta dama, jan biro a kansa, yana jiran sa hannu. Can Jan Biro ta ajiye nata ranar Juma'a, ta daidaita shi da gefen tebur, ta je ta kwanta da zuciya ɗaya.

Mataki na 7: Ki gabatar da darasi

Asabar da safe Nas ta iso da ledar lemo da na'urar awon jini. Tsohuwar tana banɗaki tana fama da naɗa mayafi da hannu ɗaya, don haka baƙuwar ta samu kusan minti goma ita kaɗai a falo, ita da tebur.

Da uwar ta fito, ta tarar da 'yar zaune a ƙasa ta naɗe ƙafa, hannu biyu a kan cinya, irin zaman da ba ta yi ba tun tana firamare. Jan Biro ta ji daɗi, ta ce a ranta yau aji a natse yake.

Ta fara da gabatarwa. Ta tambayi yara, ta yi faɗan rama. Nas ta amsa da ladabi cewa aiki ne ya yi yawa. Aka zuba shayi, tsohuwar ta ɗauka da hagu, ta jira tambaya. Tambaya ba ta zo ba. Ta ƙara ɗaga kofin sama yadda za a gani.

"Umma," in ji Nas, "na ji a rediyo wai shan shayi da hagu yana wasa ƙwaƙwalwa."

Kofin ya tsaya a hanya.

"Kuma sabon takalmin nan, in yana matse ki, ki ba ni in canzo. Mun gama mataki na biyu ke nan, ko? Saura auna fahimta. Miƙo hannun."

Jan Biro ta dubi kusurwar tebur. Takardar tana nan, amma jan biron ba ya kanta, yana bayan kunnen Nas. Ta yi ƙoƙarin kama bakin zaren da cewa ba tarbiyya ba ce karanta takardar manya. Nas ta ce ai ba don karatu ta ɗauka ba, rubutun ne ya ba ta tsoro, ta zaci kaza ce ta bi ta kan tawada, alhali uwarta ce ta taɓa sa ta sake kwafe shafi tara saboda wutsiyar harafi ɗaya ta karkace.

Aka warware mayafi. Nas ta ga hannun, dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi tayar wa tsohuwar da hankali ke nan. Ta ɗauko katin asibiti daga jaka da kanta.

Mataki na 8: Ki karɓi sakamako

Ƙashin ya tsage. Mai ɗaukar hoto ya durƙusa ya gaishe ta kafin ya gaya mata. Likita ya ce da an ƙara mako guda da sai an yi aiki, ya kuma canza mata lokacin shan maganin da ke sa ta jiri. Katin ya biya komai, abin da ya ba ta haushi, domin ta so ta samu abin kushewa.

 Suna shiga gida Jan Biro ta tsaya tana kallon allo, da kabad, da bencin da matan layi ke zama su jira ta. Ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa, ko akwati nawa ake yarda a hau da su hawa na uku.

Nas ta ɗauko takardar ta karanta gurbin manufa a fili, da muryar karatun aji: "A ƙarshen wannan darasi, ɗaliba za ta bar ni a gidan da ake ƙwanƙwasa ƙofa ana nemana."

Ta ciro biron daga bayan kunne, ta daɗe tana rubutu, sannan ta miƙa. An rubuta da ja: Manufa ta yi kyau. Hanyar koyarwa, sifili. Rubutu, ki zo ki gan ni. Gyara: rajistoci su sauko ƙasa yau, kujerar nan ta bar gidan, a kafa ƙarfen dafawa a banɗaki, a shimfiɗa abin hana santsi, waya ta rataya a wuya ba a durowa ba, a je awon ido ranar Litinin, duk abin da ya fi kai tsawo a kira mutum. In an yi gyara, an wuce. In an sake ɓoye min, an maimaita aji a hawa na uku.

Jan Biro ta karanta sau biyu. Ta ce an manta kwanan wata. Nas ta sa.

Da yamma aka kira Bencin Baya ya sauke sauran rajistoci, tunda shi ya jawo. Aka buɗe ta aji huɗu a gaban kowa. Na ashirin da uku ya zo. Tsohuwar ta ce ashe duk shekarun nan alfarma take yi masa.

Sanarwa

Mai wannan rubutu bai san ki ba, bai ga kujerarki ba, kuma ranar da kika hau yana wani gari. Duk tsagewar ƙashi, kumburin hannu, ko hawa na uku da ya biyo bayan bin matakan nan, tsakaninki ne da 'ya'yanki. Kada a turo kowa gidanmu. In kuma takardar nan ta faɗa hannun Jan Biro, ina roƙon a shaida mata cewa ba ni na rubuta ba, domin wayar tana wuyanta yanzu, kuma tana da lambar mahaifiyata.