Farar Mota a Ƙofar Wanzami

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara zama a gidan gaba na farar mota ba, ko da yake na sha roƙon Allah ya mantar da ni.

A shekarun nan ne da kuɗin man fetur ya sake yawa a ƙasar, wayar salula ta shiga hannun kowa, manya suna ta sauya motoci, mu kuwa a ƙaramin asibitinmu na Wudil ko safar hannu sai mun yi tsimi. Ni ƙaramin ma'aikacin lafiya ne, allura da wankin ciwo ne aikina, amma mutanen ƙauye suna ce min Likita, ban kuma taɓa gyara musu ba. Sai ga wata ƙungiya ta ƙasashen waje ta haɗa gwiwa da gwamnati don a koya wa irinmu gwajin cuta mai karya garkuwar jiki da ba da maganinta, ba sai mutum ya je Kano ba. Aka ɗauke ni horo. Sati biyu na yi a otal ina kokawa da cokali mai yatsu, na dawo da jaka mai tambari, da takardar shaida, da wani ɗaga kai da har matata ta lura da shi. (Abin da ta ce kawai shi ne "lallai", kun dai san lallai ɗin mata.) Darasin da aka fi nanata mana shi ne rufin asiri, ni ne ma na fi kowa iya haddace shi.

Matsalar, mutane ba sa zuwa. A lokacin kabari kusa ake kiran cutar, wanda aka ga ya shiga ɗakina kuwa ya shiga bakin duniya. Mutum ɗaya ne ya riƙe maganinsa da gaske, Malam Hudu wanzami, daga wani ƙauye a bayan Indabo. Ranar Juma'a yake zuwa, ranar kasuwar Wudil, ya saje da taro, ya shigo rataye da zabirarsa kamar ya zo yi min aski. Ya fara zuwa ne kamar sillen kara, cikin 'yan watanni ya murmure. Na koya masa dafa aska da tsaftace kayan aiki, ya kiyaye fiye da yadda nake kiyaye nawa. Ran da na faɗa masa sakamakon gwajinsa ya riƙe hannuna ya ce:

"Likita, da askar nan nake ci da iyalina. Ran da aka ji, babu mai sake miƙo min kansa, balle ya miƙo min ɗansa."

Na dafa ƙirji na ce daga ni sai shi sai Allah.

Rannan sai ga wata Baturiya, dattijuwar likita mai kula da shirin, ta zo duba mu. Ta ga ɗaki fes, benci babu kowa. Ta tambaya ko akwai wanda ya ɗore da shan magani. Nan na buɗe baki na yi ta zuba labarin Malam Hudu, kamar ni na halicce shi. Ta ce za ta so wata rana ta gaisa da shi, in ya yarda. Sau biyu ta ce in ya yarda. Ni kuwa na ji raɗe-raɗin za a zaɓi mutum ɗaya a tura shi babban horo a Abuja, na riga na ga kaina a jirgi. Na ce ai tuni ya yarda, yau ma yana jiranmu. Wallahi ko labarin zuwanta bai ji ba.

Motar fara ce ƙal, da jan ƙyallen nan a jikin ƙofa, wanda rediyo ta riga ta koya wa kowa ma'anarsa. Na haye gaba, na ɗora gwiwar hannu a taga, ina ɗaga wa mutanen da ban sani ba hannu. Da muka kusa ƙauyen, Baturiya ta ce a ajiye motar nesa mu ƙarasa da ƙafa, mu biyu. Na yi mata murmushin mai ilimi, na ce ba a haka a ƙasar Hausa, baƙo ba ya shiga gari bai gai da mai unguwa ba. Ta ce ni na san gida. (Wannan amanar ta fi komai ci min rai har yau.)

Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar mai unguwa, aka kawo fura, dattawa suka kewaye mu. Aka yi ta gaisuwa, ina juya ta Turanci da ƙarfi don a ji. Can mai unguwa ya ce:

"Likita, wane alheri ya kawo mana ku?"

Na gyara murya na yi lacca a kan cutar da haɗin gwiwar ƙasashe, har da ɗaga yatsa.

"Madalla. To wurin wa kuka zo, a yi muku iso?"

Da na ce rijiyar gari muka zo dubawa, da an wuce wurin. Amma dattijo ya tambaye ni a gaban jama'a, ga giyar tafinta tana ɗibata.

"Ranka ya daɗe, wurin Malam Hudu wanzami."

Na ga wani tsoho ya tura hannu ƙarƙashin hularsa yana shafa kansa a hankali. Nan na gane abin da na yi, amma magana zarar bunu ce. Mai unguwa ya miƙe ya ce baƙuwa daga ƙasar waje ai shi da kansa zai raka ta. Haka muka ɗunguma, mu a gaba, rabin gari a baya, motar tana biye da mu sannu-sannu.

Muka tarar da Malam Hudu a gindin durumin ƙofar gidansa yana yi wa wani mutum aski, ya kai rabi. Wani ya sunkuya ya raɗa wa mutumin magana a kunne. Ya ture hannun wanzamin, ya tashi zumbur, rabin kai ƙwal, rabi gashi da kumfa, ya kifa hula ya yi gaba. Wasu suka kwashe da dariya. Da wata rana ce, da ni zan fi kowa.

Malam Hudu ya goge askarsa, ya naɗe, ya mayar cikin zabira. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya gai da mai unguwa, ya ce wa baƙuwa sannu da zuwa, ya hanya. Sannan ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Likita, ka ce daga ni sai kai sai Allah. Duk waɗannan a cikin ukun suke?"

Baturiya ta tambaye ni me ya ce. Na ce yana murna da zuwanta. Ba ta jin Hausa, amma tana da ido. Ta dubi fuskarsa, ta dubi taron, ta dube ni, ta ce, "Bai san za mu zo ba, ko?" Turancin duk ya tsere, na tsaya ina murza jaka mai tambari. Ta rusuna masa kamar yadda ta ga mata suna yi, ta koma mota. Na bi ta, muka dawo Wudil.

Juma'a ta zo bai zo ba. Wata ta zo, shiru. Na hau babur na je, babu jaka, babu farar riga. Matarsa ta amsa min daga bayan zaure, ta ce ya tafi kudu ci-rani, tun ranar ko mutum ɗaya bai sake zama a gabansa ba. Na ce ga maganinsa na zo da shi. Ta ce ba ta san inda yake ba, in ma ta sani ba ni za ta faɗa wa ba. Bayan damina na haɗu da ƙanensa a kasuwa, ya ce an dawo da shi a kwance, kwana huɗu ya yi ya rasu. Na yi kuka a bayan asibiti, kukan da bai amfani kowa ba.

Ba a kore ni ba, don babu wanda za a sa a gurbina. Da shirin ya ƙare, baƙin suka tattara suka tafi, suka bar mana littafin horo, ni kuma aka ce na fi kowa daɗewa, ni zan riƙa koyar da sababbi. A cikin littafin akwai labarin "wani ma'aikaci" da ya kai mota mai tambari gidan mara lafiya. Baturiyar ce ta rubuta, ba ta sa gari ba, ba ta sa suna ba. Duk shekara ni nake karanta shi a gaban aji, duk shekara kuma sai an sami wanda ya ɗaga hannu yana dariya.

"Malam, don Allah wane sakarai ne wannan?"

Sai in ce masa ba a faɗar suna. Yanzu kam na iya darasin sosai, tunda sunan nawa ne.