Libarbar Sarkin Ɓoye

Duk Jibiya, a shekarar 1955, babu mai zurfin ciki kamar Kalilu dillalin gyaɗa. Shi kaɗai ke da libarba, ƙaramar bindiga mai lasin, kuma ya iya ɓoye ta ƙwarai, har ba wanda ya san da ita sai mutanen Jibiya da na Magama da na Bugaje, da wasu kaɗan a Maraɗi. Mu muka laƙaba masa Sarkin Ɓoye, ya kuwa karɓa hannu biyu, a zatonsa sarauta ce.

Kullum da hantsi yakan zauna a rumfarsa yana karantar da sababbin masu ɗaukar bindiga. Ko ɗayanmu ba shi da ita, amma muna zuwa, ni ne ma na sahun gaba. Karatun kuwa ba laifi. Kada yatsa ya kusanci kunama sai an yi niyyar harbi. Kada a nuna wa mutum bakinta ko da wasa. In rigima ta tashi, mai bindiga shi ke fara ba da haƙuri. A riƙa gwada zaro ta kullum har hannu ya saba. Yana faɗa yana nuna mu ɗaya bayan ɗaya da bakin libarbar, muna sunkuyar da kai muna cewa gaskiya ne.

"Abin da yah hi komi," in ji shi, "kada kowa shi san kana da ita. Ni nan, ko Hajo matata ba ta sani ba."

Hajo ce ke goge ta da man gyaɗa duk ranar Alhamis.

Wata Juma'a yana ruku'u, libarba ta zame daga aljihun babbar riga ta faɗi ƙasa tim, sahu uku suka riga liman sallamewa. Washegari ya kai ta wurin Lado baduku, ya ce a yi mata gidan fata wanda ba za ta ƙara faɗowa ba, wanda kuma duk mai gani ba zai gane abin da ke ciki ba. Lado shekararsa talatin yana ɗinkin layu. Ya yi aiki iyakar saninsa, Kalilu ya rataya ƙarƙashin riga yana ta yabo.

A kakar nan na ɗora gyaɗar da na noma duka a kan takarkarina, shi ke nan mini a duniya, zan tsallaka da ita iyaka. Ana ta maganar 'yan fashi a bayan Magama. Rabi'a matata ta ce in jira ayari, ko in ɗauki gora. Na yi mata dariya, na ce wanda zai tafi da Sarkin Ɓoye ai gora kaya ce kawai.

Rana tsaka, ni da Kalilu muna bayan Magama, mutum uku suka fito daga cikin sabara, kowa da sanda. Kalilu ya gyara tsayuwa.

"Kun san wa kunka tare?" ya ce, ya cusa hannu a riga.

Abin da ya fito da shi wani ƙunshi ne na jar fata, ɗinke ta kowane gefe, har da ado. Lado bai taɓa barin baki a jikin laya ba, bai kuma ga dalilin farawa da wannan ba. Mai koya mana gwaji kullum, wata biyu bai gwada ba. Ya juya ta yana neman ƙofa, ya sa farce, ya sa haƙori. Ya ce in miƙo wuƙa. Wuƙata na gida tare da gorar.

Ɓarayin nan masu ladabi ne, sai da suka jira ya gaji. Babbansu ya karɓi ƙunshin, ya jinjina, ya mayar masa.

"Riƙe layarka, baba. Wadda ba ta tsare mai ita ba, mi za mu yi da ita? Ka sake malami."

Suka ja takarkarin da kayansa suka shige daji. Na zauna a ƙasa na yi kuka da hawaye, ba na kunyar faɗa, noman shekara ne ya tafi. Kalilu ya dafa ni, ya ce in gode Allah ina tare da shi, in ba haka ba da abin ya yi muni. Na ce gaskiya ne.

Ni na ɗauko masa libarbar har gida, wai igiyar ta ci masa wuya.