Yadda Malam Ƙararrawa Ya Ceci Asibitin Unguwa

A unguwarmu Allah ya yi mana baiwa da mutum guda wanda ya ɗauke mana nauyin damuwa da ƙasa. Mu sauran jama'a muna iya cin abincinmu, mu tafi wurin aiki, mu dawo mu miƙe ƙafa, domin mun san akwai wani bawan Allah can a falonsa yana ɓacin rai a madadinmu. Bai taɓa neman lada ba. Abin da yake nema kawai a saurare shi, kuma kada a katse shi.

Sunan da ya raɗa wa kansa shi ne Lamirin Ƙasa. Mu kuwa Malam Ƙararrawa muke ce masa, tun ranar da ya tsaya a ƙofar shagon aski ya sanar da cewa shi ne ƙararrawar da za ta tashi al'umma daga barci. Sunan ya yi masa daɗi ƙwarai. Bai ji abin da mai aski ya ƙara da shi ƙasa-ƙasa ba, cewa abin da ke burge shi da ƙararrawa shi ne ba a taɓa ganin ta tsaya tana sauraron wani ba.

Tsohon malamin tarihi ne, ya koyar a sakandare har ya yi ritaya. Rabin unguwar nan ɗalibansa ne, kuma har yau kallon 'yan aji yake yi musu, ciki har da masu furfura. Ba ya fita sai da jarida a hammata. Idan ka gaishe shi ka ce ya gida, sai ya girgiza kai ya ce, "Gida lafiya. Ƙasa fa?"

A nan dole a yi masa adalci: ɓacin ransa yana da tushe. Lokacin zaɓe ya bi jam'iyyar masu neman sauyi da zuciya ɗaya, saboda sun yi alkawarin gyara harkar lafiya, yadda babu wanda zai ƙara mutuwa a ɗaki don ba shi da halin ganin likita. Suka ci zaɓe. Ƙudurin gyaran ya shiga majalisa da ƙibarsa, kowa yana tafi. Kwamiti ya yanki nan, 'yan adawa suka gutsuri can, masu harkar magani suka ɗauki nasu kason, su kuma waɗanda suka kawo shi suka yi ta ba da haƙuri kamar su ne suka sha kaye. Da ya fito, ko uwarsa ba za ta gane shi ba. Cikin abin da ya rage har da wani sashe da ya ce a rufe ƙananan asibitocin unguwanni, a mayar da kowa babban asibiti can ƙarshen gari. Namu yana ciki.

Malam ya karanta labarin da safe. Kafin azahar ya gano mai laifi, kuma ba majalisa ba ce. Mu ne.

Ya shigo shagon aski ana kallon ƙwallo, ya wuce kai tsaye ya kashe talabijin, ya juyo yana dubanmu kamar ya kama mu muna satar amsa.

"Ku dube ku! An yanka ƙuduri, an feɗe shi, an raba namansa, ku kuna nan kuna kallon ƙarti suna bin fata a guje. A ƙasashen da aka waye, da yanzu tituna sun cika. Amma ku? Ko kujerar da kuke kai aka zo ɗauka, ɗagawa za ku yi ku ce a yi a hankali."

Mai aski ya dakata da almakashi a hannu. "Malam, ai kuwa dama ina son ganinka. Zancen asibitin nan namu ne, an ce..."

"Bari in gama. Matsalarku ke nan, ƙaramin tunani. Ina maganar tsari, kana kawo mini maganar gini."

Ya yi ta yi har wanda ake yi wa aski ya fara gyangyaɗi da rabin kai a aske. Da ya fita aka kunna talabijin, an riga an tashi wasa.

A gida ma ba a bar shi ya huta da jahilcin jama'a ba. Uwargidansa tana da hawan jini, kuma a wannan ƙaramin asibitin ake auna ta kowane wata, a ba ta magani. 'Yarsu ta fari tana da tsohon ciki, can take zuwa awo. Daga gidansu tafiyar ƙafa ce. Babban asibiti kuwa sai an shiga mota an sauka an sake shiga wata, sannan a bi layin da ba a ganin ƙarshensa. Shi Malam bai san wannan wahalar ba, domin idan jikinsa ya motsa, wani tsohon ɗalibinsa likita yake zuwa gani a asibitin kuɗi, ta ƙofar baya. Ya ce yana yin haka ne don kada ya ƙara wa talakawa cunkoso.

Wata rana da yamma uwargida ta same shi a falo, waya a kunne, yana jiran a haɗa shi da shirin rediyo na masu kira.

"Malam, matan unguwa muna taruwa a tsakar gidan mai ɗinki kan maganar asibiti. Maza ma sun fara zuwa. Na ce ko za ka leƙo?"

Ya ɗaga mata hannu, ya rufe bakin wayar da tafinsa. "Kuna da ajanda? Kuna da tsarin mulki? Wa ye sakatarenku?"

"Ba mu da ko ɗaya. Muna dai da masu ciki da masu ciwon suga."

"To kin gani. Wannan ba gwagwarmaya ba ce, hira ce. Ki bari in samu lokaci in rubuta muku manufa."

Nan aka haɗa shi da rediyo, ya miƙe tsaye, ya gyara murya, ya shaida wa ƙasa baki ɗaya cewa abin da ya fi ci masa rai shi ne a duk unguwarsu babu mutum ɗaya da ya damu. Uwargida ta yafa mayafinta ta fita.

Don kada a ce baki kawai yake da shi, Malam ya kira gangami a ƙarƙashin ƙungiyarsa, Dandalin Farkar da Al'umma, wadda shi ne shugabanta, shi ne kakakinta, shi ne kuma kwamitin ladabtarwa. Ya ari aji a tsohuwar makarantarsa, ya jera kujeru da kansa. Mahalarta sun haɗa da wani mai keke da ruwan sama ya koro, da wani dattijo mai nauyin ji da ya zaci rabon magani ake yi, da mai gadi da ke jiran a gama ya kulle. Malam ya yi musu jawabi tun daga tarihin asibiti a duniya. Da ruwa ya ɗauke, mai keke ya yi godiya ya tafi. Malam ya dawo gida fuskarsa ɗauke da irin gamsuwar mutumin da aka tabbatar masa da abin da ya daɗe yana faɗa. Bai tambayi inda mutane suka shiga ba. Da ya tambaya, da an gaya masa suna tsakar gidan mai ɗinki, wasu a kan benci, wasu a tsaye da leda a ka.

Ana haka sai ga gayyata daga wata cibiyar bincike: taron ƙara wa juna sani a babban otal, kuma ana so Malam ya gabatar da maƙala. Take ya zaɓa mata suna: "Mutuwar Zuciyar Al'umma: Me Ya Sa Talaka Ba Ya Motsi?" Ya kai babbar rigarsa wanki da guga. Ya yi ta gwada jawabin a gaban madubi, yana tsayawa a wuraren da za a yi tafi.

Ranar taron ta zo daidai da ranar da mutanen unguwa suka sa za su taka har ofishin hukumar lafiya. Da safe uwargida ta tsaya a ƙofar ɗaki tana kallonsa yana karya hula.

"Malam, don Allah ka zo mu tafi. Mu ba mu iya magana da manya ba. Kai ka iya. Wallahi gabana faɗuwa yake yi."

Wannan karon ya dube ta, kuma a gaskiya da tausayi ya dube ta. "Ki yi haƙuri. Tarihi yana kirana a wani wurin. Abin da zan faɗa yau, saboda irinku zan faɗe shi."

Ɗakin taron yana hawa na sama, ga ruwan roba a kan kowane tebur. Na'urar sanyaya ɗaki ta lalace, don haka aka buɗe tagogi. Wani da ya halarta ya ba mu labari cewa Malam ya fara da kyau. Ya kai inda yake cewa, "Jama'armu sun zama kamar gawa, ko ka tsikare su da allura ba za su..." sai wata hayaniya ta taso daga titi, tana ƙaruwa, har ta rufe muryarsa. Ya dakata. Ya sake farawa. Hayaniyar ta ƙaru.

"Kun ji ko?" in ji shi, yana nuna taga ba tare da ya leƙa ba. "Ga hujjata da ƙafafunta. Muna nan muna neman yadda za mu ceci rayuwarsu, su suna can suna ihu, wataƙila wani ya ci ƙwallo. Don Allah a rufe tagogin nan."

Aka rufe. Ya ƙarasa maƙalarsa cikin zufa, aka yi tafi a wuraren da ya tanada.

Mu ne muke wucewa a ƙasa. Da mai aski, da mai ɗinki, da direbobi, da tsofaffi masu sanda, da mutanen wasu unguwanni da suka ji labari suka biyo. 'Yar Malam tana gaba da cikinta, an riƙe mata lema. A ƙofar hukumar lafiya aka tsayar da mu a rana har wani babban jami'i ya gaji da leƙe ya fito. Aka tura uwargida gaba. Duk abin da ta shirya ya gudu daga kanta. Sai ta jawo 'yarta kusa ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ko yau ko gobe. Idan naƙuda ta kama ta, ka gaya mini motar da za mu shiga." Sai wata mata ta ɗauka daga nan, wani tsoho ya karɓa, kowa da nasa. Jami'in ya koma ciki ya daɗe yana waya. Da ya fito ya ce an dakatar da rufe asibitin har sai an sake duba lamarin. Ba a ce an fasa ba. Amma 'yar Malam za ta haihu kusa da gida, kuma a ranar wannan ya ishe mu.

Malam ya dawo da jakar taro a kafaɗa, ya tarar da uwargida ta tsoma ƙafafunta da suka kumbura a cikin roba, muryarta ta dishe. 'Yarsa ce ta ba shi labari. Ya zauna. Sannan ya numfasa ya ce, "Na san abin da na shuka zai tsiro. Shekara da shekaru ina bugawa, ashe ana ji."

Kafin ya cire hula ya kira wani tsohon ɗalibinsa da ke aiki a gidan talabijin.

Washegari da hantsi ya ja ɗalibin nasa ɗan jarida da mai kyamara zuwa asibitin da ya ceto. Yana gaba suna biye, ya shiga wannan lungu ya fita wancan, bai tambayi kowa hanya ba, domin jagora ba ya tambaya. Da ya hango wani farin gini mai shuɗin allo da mutane a zaune a kan benci, ya ce an iso. Tun a hanya ya cire tabaransa ya sa a aljihu, saboda an taɓa gaya masa yana tsufar da shi a hoto. Su kuma 'yan jaridar baƙi ne a unguwar, kuma ko sun ga wani abu, wa zai gyara wa malaminsa?

Da yamma shagon aski ya cika har waje. Ga Malam a talabijin, riga ta sha guga, hannu a ƙirji.

"Wannan gini da kuke gani a bayana," in ji shi, "nan ake duba matata kowane wata. Nan 'yata za ta haihu. Duk mutanen unguwarmu nan suke zuwa idan jiki ya ƙi daɗi, kuma nan ne ya dace da su. Muddin ina numfashi, babu mai raba su da shi!"

A saman kansa, da manyan haruffa, allon yana cewa Asibitin Dabbobi. Bai rufe baki ba wani mutum ya fito daga ƙofar yana jan akuya mai bandeji a ƙafa.

Dariya ta ci ƙarfin mai aski, sai da aka zaunar da shi aka ba shi ruwa.

Da Malam ya samu labari bai karaya ba. Ya zo shagon da kansa ya bayyana mana cewa wannan ma laifin jama'a ne. A ƙasar da zukata suke raye, in ji shi, da wani ya matso ya gaya masa gaskiya, amma mutane suna zaune a kan benci suna kallonsa, babu wanda ya motsa.

Ba mu yi masa musu ba. Gidan talabijin ne ya maimaita shirin washegari, wannan karon ba a yanke komai ba. A gefen hoton ana ganin wani tsoho ya taso daga benci da igiyar tunkiya a hannu, ya matso a hankali, ya taɓa hannun rigar Malam, ya buɗe baki yana nuna allon. Malam ko juyowa bai yi ba. Ya ɗaga masa hannu ya ce, "Bari in gama."