Allon da na kafa a bakin layinmu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar Talatar da na kori rabin unguwarmu a Arlit da hannuna, kuma na zauna ina jiran a zo a yi mini godiya.

Wata uku ke nan da aka turo ni daga Maradi koyarwa. A unguwa ba wanda ya san sunana, “baƙon malamin nan” kawai ake cewa, kuma abin yana ci mini rai. Ina neman ranar da zan nuna musu cewa ni ma ina da kai.

Layinmu yana da matsala guda. Masu moto da motocin da ke neman hanyar Assamakka sun gano cewa ta nan ake yanke, sai su shigo a guje kamar an biyo su. Ranar da wata mota ta take akuyar Hajiya Rabi mai ƙosai, mai unguwa ya tara mu bayan la'asar. Hajiya, mutuniyar Tahoua ce, ba ta ɓoye magana. Ta ce yau akuya ce, gobe ɗan wani ne a hanyar lakwal, wato makaranta. Wasu suka ce a rubuta takarda, wasu suka ce a tara ƙasa a yi tudu. Ni kuwa sai na tsinci kaina a tsaye.

“Ku bar mini wannan,” na ce. “Allon hanya ake bukata, kuma ni na karanta littafin tuƙi har sau biyu.” (Gaskiya ne. Abin da ban faɗa ba shi ne sau biyun duk faɗuwa na yi a jarrabawa, har yau ba ni da permi, wato lasin tuƙi.)

Washegari na tafi wurin masu tsofaffin ƙarafa. Can ƙasan tarkace na hango shi: allo mai kusurwa uku, rawaya shar, da zane baƙi a tsakiya, ɗigo ɗaya da fukafukai uku kamar na fanka. Nan take ilimina ya motsa. Kusurwa uku na nufin a yi hattara, fukafukan nan kuwa hanyoyi uku ne da suka haɗu wuri guda. To bakin layinmu hanya uku ce cif. Mai ƙarafan ya dube ni ya ce, “Mushe, ka san ko na mene ne?” (Mushe, haka ake kiran malamin makaranta a wurinmu.) Na ce masa ni nake koyar da ƴaƴansa, ba shi zai koya mini ba. Ya ɗaga kafaɗa ya miƙo mini.

Da rana tsaka, lokacin da zafi ya kora kowa ɗaki, na haƙa rami na kafa shi, na danne da duwatsu. Na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida don in ga aikina.

Mai moto na farko ya taho a guje, ya ja birki har ƙafa ta ja ƙasa. Ya kalli allon, ya ja rawani ya rufe hanci, ya juya. Wata mota cike da kaya ta yi baya-baya har ta ɓace. Awa guda ko keke bai shigo ba. Daɗi ya kama ni har na ɗauki hoton allon na tura wa mutanen unguwa a waya, na rubuta “An gama.” Ba wanda ya amsa, na ce hassada ce.

Sai na ga mai kawo mana ruwa ya tsaya nesa da kurarsa ya ƙi ƙarasowa. Sai mata suka fara fitowa da goyo da ƙunshin kaya, suna bin ɗaya ƙarshen layin. Hajiya Rabi ta sauke kaskonta, ƙullu ko rabi bai ƙare ba. Duk da haka ban gane ba. (Na ɗauka wani biki ake yi da ba a gayyace ni ba, har na ɗan ji haushi.)

Kafin la'asar jama'a sun taru can nesa da allon. Ga mai unguwa, ga Malam Agali maƙwabcina, wani dattijon Buzu da ya tsufa a ramin yuraniyom na Akokan, ga kuma wani mutum riƙe da wata ƴar na'ura. Na sa rigata ta Juma'a, na ratsa su, na je na dafa allon ina shafa shi kamar sabon rago. Mutane suka ƙara ja da baya.

“Wa ya kafa wannan abu?” in ji mai unguwa.

“Ni ne, ranka ya daɗe,” na ce da ƙarfi, don na baya su ji.

Malam Agali ya matso a hankali, ya yi magana da Hausarsa ta Buzaye. “Mushe, mata nawa ya kwashe yara ya tafi Akokan saboda kai. Wannan alamar gubar yuraniyom ne. Inda ka gan shi, ba a tsayawa, ba a shan ruwa, ba a barin yaro. Mu da muka shiga rami, ba mu wasa da shi.”

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja duwatsun na rufe kaina. Kowane jariri a garin ya san alamar nan, sai malamin makaranta.

Mai na'urar ya auna ƙasar wurin, ya auna allon, ya ce lafiya lau. Sai ya ce tunda na rungume shi daga kasuwa, dole a auna ni. Haka na tsaya hannuwa a sama, ana bi na da na'ura gaba da baya har hammata, a gaban iyayen ɗalibaina. Daga cikin taron Hajiya Rabi ta ce, “Ku auna mishi kai da kyau, can abin yake.”

Ni na tumɓuke allon, ni na bi gida-gida ina ba da haƙuri. Ranar Asabar maza suka tara ƙasa suka yi tudu biyu, Malam Agali ya rubuta “A HANKALI, YARA” a jikin katako. Gudu ya ragu. Aikina a ranar shi ne tura baro, kuma ba a bar ni na taɓa fenti ba.

Yanzu dai kowa ya san ni. A taron unguwa ma gaba ake zaunar da ni, dab da mai unguwa, don ya riƙe mini riga idan na yunƙura zan miƙe. Abin da na koya shi ne, idan ka kafa doka a garin da ba naka ba, ka ga kowa ya bi ta nan take, babu gardama, babu ko mai moto ɗaya da ya zage ka, to maza ka nemi dattijo ka tambaye shi me ka aikata.