Motar da Ba Ta San Giya Ta Huɗu Ba

Makon jiya wani mai gadi ya bi ni da kulki a kan titin da aka ce don mu aka yi shi. Laifina shi ne na yi tuƙi a kai. Bari in faro muku daga tushe, kada ku ɗauka sata na je.

Ina da mota, ko in ce ni da ita muna lallaɓa juna. Tun bara ta koyi shan mai kamar ba ta san halin da ake ciki ba. In na wuni a layi na samu rabin tanki, kafin in isa gida allurar ta fara sunkuyawa. Da sai in haƙura, to amma yanar ido ta rufe wa Innata gani, kuma likitan da zai yi mata aiki a babban birni yake, can ɗin ma jefi-jefi yake zuwa. An ba mu rana, in ta wuce mu sai baɗi. Gidajen man da ke hanya kuwa awaki ne ke kwana a cikinsu. Ke nan man da na zuba a gida shi zai kai mu, shi zai dawo da mu.

Maƙwabcina tela, wanda ko keke bai taɓa mallaka ba amma ya san ciwon kowace mota a unguwa, shi ya haɗa ni da Injiniya. Bakanike ne, sai dai kwamfuta yake riƙewa a maimakon sifana. Ya saurari injin, ya ce ƙwaƙwalwar motar ce ta rikice, wato ɗan akwatin da ke gaya wa inji yawan man da zai sha da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Ya ce a cire ta kamfani, a dasa wata wadda ake iya koya wa karatu. Na tambaye shi ko ana dasa wa mutane irinta, don akwai wasu manya a raina. Ya ce ya taɓa dubawa, babu wurin jona waya.

Dasawar ba ta ba shi wuya ba. Ya yanke wayoyi, ya haɗa wasu, ya huda salansa ya ɗaura wata 'yar na'ura mai sansanar hayaƙi. Saitin ne aiki, domin sabuwar ƙwaƙwalwa kusan fanko take zuwa. Sai an hau titi, ni ina tuƙi shi yana gefe da kwamfuta a cinya, a bi giya ɗaya bayan ɗaya, a taka totur a hankali sannan a taka da ƙarfi, yana koya mata cewa a wannan gudun sha kaza, a wancan sha kaza. Abin da ya nema kawai shi ne miƙaƙƙen titi marar rami, inda mota za ta saki jiki.

Muka zaga gari kaf. A hanyar kasuwa kwamfutar ta yi tsalle ta bugi haɓar Injiniya. Sai tela ya tuna mana da titin da Mai Girma Uban Almakashi ya buɗe bara. Kun dai tuna bikin. Aka kafa rumfuna, aka yanka ƙyalle, gidan rediyo ya yi ta shelar an haɗa garinmu da babban birni da kwalta. Kuma a yaba wa Mai Girma, kwalta ce ta gani ta faɗa, baƙa wuluk, da farin layi a tsakiya, har da fitilu. Ta faro daga inda aka kafa rumfa, ta ƙare daidai ƙofar gidansa. Ni ban ga laifinsa ba. Shugaba nagari ba ya yin aikin da ba zai iya sa wa ido ta taga ba.

A nan muka yi saitinmu. Giya ta ɗaya lafiya, ta biyu lafiya, ta uku har Injiniya yana gyaɗa kai. Ina kai hannu zan sa ta huɗu, sai ga ƙofar gida a gabana. Mu juya, mu sake, haka dai, har mai gadi ya fito yana cewa muna cinye wa Mai Girma kwalta. Muka tsere a giya ta uku.

A gareji Injiniya bai ɓoye min komai ba.

"Malam, motarka ta haddace daga ɗaya zuwa uku," in ji shi. "Sama da nan ba ta san komai ba. In ka sa ta huɗu ka taka, injin ya ƙone, babu ruwana."

Gaskiya hankalina ya tashi. Tafiya saura kwana ɗaya, Inna ta riga ta ɗaure kayanta. Ita kuma tun da ganinta ya rufe, rediyo ne idonta, abin da ya faɗa ya zauna. Ta ji da kunnenta an gama hanya, saboda haka duk girgizar da ta taɓa sha a tafiya, a wurinta laifin akwalar motata ne.

Muka kama hanya da sassafe, ina ta jan kunnen hannuna kada ya manta ya sa ta huɗu. Jama'a, ashe damuwar banza na yi. Daga bayan gidan Mai Girma har birni, babu inda hanya ta nemi giya ta huɗu. Ta ukun ma don marmari na taɓa ta. Ƙwaƙwalwa tana kan karatun da ta sani, inji yana kaɗawa sumul, allurar mai ta tsaya wuri ɗaya kamar albashina. Inna tana baya tana ta faɗa, wai an shimfiɗa wa mutane titi kamar faranti amma ɗanta ya rasa abin hawan da zai kai ta ba tare da ya kwance mata ƙugu ba. Na ci gaba da kauce wa ramuka, don ba a musu da rediyo a gabanta.

Aka yi aiki, Allah ya sa aka dace. Ranar dawowa ta ce gaba za ta zauna, tana so ta ga titin nan da idonta. Ta gyara baƙin tabarau da likita ya ba ta. Muna barin birni ta ga rami na farko. Ta ga na biyu, wanda agwagi ke wanka a ciki. Can gaba ta ga ƙaton allo, Mai Girma yana murmushi a tsaye kan kwalta, kwaltar duk a cikin hoton. Ta sake gyara tabarau ta duba da kyau. Sannan ta tambaye ni ko likita ya ce idon zai riƙa nuna mata abin da babu. Na ce a'a, cewa ya yi garau yake.

Sai ta miƙa hannu ta shafa gaban motar a hankali.

"Baiwar Allah, ki yafe ni," in ji ta. "Na ɗauki alhakinki."

Muna isa gida ta aika wa tela da rediyon kyauta.

Injiniya ya ce in koma mu ƙarasa saitin giya ta huɗu da ta biyar duk ranar da aka ƙarasa titin. Na ce to. Na dai nuna wa babban ɗana garejin, shi ma na ce ya nuna wa nasa.